Ɗan Yaye Ma Yana Bin Ma'aikaci Bashi

A shekarun 1990 babu kalmar da ta fi yawo a bakin ma'aikatan Nijar kamar "bashin albashi". Ƙungiyar ƙwadago ta USTN ta sha kiran yajin aiki a kansa, kuma da gaskiyarta. Sai dai akwai wani bashi da ba a taɓa rufe biro dominsa ba, saboda mai binsa bai iya magana ba tukuna. Wannan shi ne bashin lokaci da yaro ɗan shekara biyu yake bin uwa da uba.

Duk wanda ya bi babbar hanyar kwalta daga Gidan Rumji ya ratsa Maraɗi da Cadawa, ya wuce Agye har Gazawa, ya san yadda yini yake tafiya. Malamar lakwal ta fita tun hantsi bai yi ba. Ma'aikaciyar likita tana kwanan aiki. Ɗan kasuwa yana bin kasuwannin ƙauye, ba ya dawowa sai bayan magariba. In ya dawo, ya ci tuwo, sai majalisa da butar shayi. Yaro ya ci, ya sha, an yi masa wanka, amma babu babban da ya zauna a tabarma ya yi hira da shi.

Wasu za su ce wannan kukan daɗi ne, a yankin da ya san yunwa. To, yunwar ce ma ta fi nuna muhimmancin abin. A 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da dubu 60 masu tamowa mai tsanani a Nijar, akasarinsu a jihar Maraɗi. Kuma a cikin matakai goma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa don jinyar irin waɗannan yara, har da wasa da lallashi. Likita bai ɗauki wasa a matsayin shagala ba, magani ya ɗauke shi.

Akwai kuma shaida daga nesa. A birnin Kingston na Jamaika, a 1986 da 1987, masu bincike suka ɗauki yara 129 da girmansu ya tsumbure, masu wata 9 zuwa 24. An riƙa ziyartar gidajen wasu daga cikinsu sau ɗaya a mako har shekara biyu, ana nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da magana da ƴaƴansu, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Da aka sake neman yaran bayan shekara ashirin, sai aka tarar waɗanda aka yi wasa da su suna samun kuɗin da ya fi na sauran da kusan kashi 25 cikin ɗari. Ɗan kasuwar da ya san riba ya auna wannan: wace haja ce take biyan haka, alhali jarinta gwangwanin tumatir ne da karan dawa?

Masu cewa al'ada ta riga ta warware matsalar suna da hujja, amma rabin hujja ce. A gidan gandu, gaskiya ne, akwai kaka mai tatsuniya, akwai gwaggo, akwai yayye. Amma ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki daga Doso zuwa Gazawa bai taho da kaka a cikin kayansa ba. Abin da yake faruwa shi ne a ɗauko ƴar shekara tara daga ƙauye a ɗora mata goyo, ita kuma ta yi sallama da lakwal. An biya bashin yaro ɗaya da makomar wata yarinya. Haka nan alkunyar ɗan fari, wadda take hana uba ya ɗauki ɗansa a gaban mutane, ba ta hana shi a cikin ɗakinsa ba.

Doka kuwa ta tsaya a rabin hanya. Dokar ƙwadago ta 2012 ta ba mace mai aikin albashi hutun haihuwa na mako 14, da awa ɗaya a kowace ranar aiki don shayarwa. Abu ne mai kyau, amma yana ƙarewa tun kafin yaye, daidai lokacin da yaro ya fara tafiya, bakinsa ya fara buɗewa, yana neman mai amsa masa. Mai tuyar ƙosai da mai sayar da fura kuwa ko wannan ba su da shi. Gwamnati ta ɗauke kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar tun 2006. Ashe ta yarda cewa ƙaramin yaro lamarin ƙasa ne. Me ya sa yardar ta tsaya a ƙofar likita?

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin kowa ba. Hukumomin gari da suke karɓar harajin rumfa a kasuwannin Agye, Cadawa da Tibiri suna iya ware rumfa ɗaya mai tabarma da randar ruwa, da dattijuwa biyu da ake biya, inda ƴan kasuwa mata za su ajiye ƴaƴansu kusa da su. Masu tsara canjin wurin aiki su daina raba miji da mata masu ƙananan yara. Ƙungiyoyin ƙwadago su sa wurin reno a cikin takardar kokensu, kusa da ƙarin albashi. Matan da suka yi maci a Yamai ranar 13 ga Mayu 1991 don a ba su kujeru a shirin taron ƙasa sun nuna cewa abin da ba a nema ba, ba a samu.

Amma kaso mafi girma ba ya jiran sa hannun minista. Tsakanin magariba da lisha akwai lokacin da babu biro, babu kasuwa. Uwar da ta yini a aji ta dawo ta ɗora tukunya ba za ta iya ɗaukar wannan ita kaɗai ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Uban da ya jinkirta shayin farko da rabin awa, ya zauna ƙasa ya bar ɗansa ya hau bayansa, ya faɗa masa sunan akuya da na wata, bai zubar da girmansa ba. Bashin albashi ana iya biyansa bayan shekaru. Wannan kuwa, in yaro ya wuce shekarunsa na farko, babu baitulmalin da zai biya shi.