Abin da Muka Koya wa 'Yar Koyo a Darasin Zane

'Yan uwa malamai, ina neman ku yi haƙuri da ni, domin maganar da zan yi ba mai daɗin ji ba ce, kuma da kaina zan fara.

A ƙarshen zangon da ya wuce, wata ɗaliba da kwalejin ilimi ta turo makarantarmu koyarwar gwaji ta kawo mini littafin rahotonta in sa hannu, kasancewar ni aka naɗa mai kula da ita. Fannin zane take karantawa. A shafin ƙarshe, inda ake tambayar ɗalibi abin da ya ƙaru da shi, ga abin da ta rubuta: "Na koyi cewa darasin zane shi ake fara yankawa duk ranar da ake neman lokacin shara. Na koyi cewa kayan aikinsa daga aljihun malami suke fitowa. Har na gama, ban ga malami ko ɗaya yana koyar da shi ba, balle in kwaikwaya." Na karanta sau biyu, na nemi inda ta yi ƙarya in gyara, ban samu ba. Haka na sa hannu jikina a sanyaye.

Bari in faɗa muku yadda zangon ya kasance, wataƙila ku ga makarantunku a ciki. Ranar da ta zo, murna muka yi, muka ce Allah ya kawo mana mai zane. Kafin a tashi an miƙa mata darasin CCA na aji ɗaya har zuwa aji shida, kamar wadda ta shekara goma tana aiki. Daga nan sai roƙo ya biyo baya. Wannan yana son ta zana masa taswira a kwali, wancan yana son hoton sassan jikin ɗan Adam, aka kuma sa ta sabunta rubutun jikin bangon ofis. Darasin nata kuwa, a jadawali shi ne na ƙarshe, lokacin da rana ta take, yunwa ta kama yara. Idan za a yi baƙi, da shi ake shara. Idan jarrabawa ta matso, da shi ake bitar lissafi. A ajina na biyar, sau biyar kacal ta samu ta tsaya gaban yara a zangon gaba ɗaya, kuma biyu daga cikin darussan da ta rasa ni na karɓe su, ina ce mata, "Yi haƙuri, Malama, ai zane ne kawai." Wanda aka turo daga kwaleji ya duba ta ya zo sau biyu. Ba ɗan sashen zane ba ne, ya duba tsarin darasinta a takarda, ya ba da maki, ya kama hanya.

Darasinta na farko na leƙa ta taga. Ta zana kofi a allo, ta ce wa yara fiye da tamanin su kwafa. Masu fensir suka kwafa, marasa shi suka yi surutu. Da na tambaye ta dalili, sai ta ce, "Malam, a kwaleji an koya mini in yi zane, amma yadda zan koyar da shi ga yara masu yawa haka, abin da na tuna shi ne yadda aka yi mana a firamare." Maganar ta soke ni, domin ni ma kofin nan aka zana mini shekara talatin da wani abu da suka wuce, kuma shi nake zana wa yara duk ranar da na ga dama. Kofi guda muke ta miƙa wa juna tun daga kakanninmu a wannan aiki, babu wanda ya taɓa tambayar me yaro ya koya daga gare shi.

Abin da ya cece ta, rashin kuɗi ne da kaifin ido. Da kuɗin motarta suka ƙare wajen sayen kwali da fensirin kala, sai ta fara lura da abin da yara ke yi lokacin tara. Ta ga masu haɗa motar kara, ta ga 'yan mata suna zana wa juna fure a hannu da biro irin na ƙunshi. Mako na gaba ta zo da gawayi, da jar ƙasa, da yumɓu a bokiti, ta ce kowane yaro ya zo da wani abu mai ado daga gida, ko hula, ko faifai, ko ƙwarya. Ta sa su gano wace siffa ce take maimaituwa, sau nawa, kuma ta ina take juyawa. A ranar ne wani yaro da ya maimaita aji, wanda ban taɓa jin ya amsa tambaya ba, ya fito ya zana adon hular mahaifinsa a allo, yana ƙirga gidajen zaren ɗaya bayan ɗaya, domin a gidansu ɗinkin hula ake yi. Abin da na yi makonni ina fama in cusa masa a darasin lissafi game da daidaiton ɓangare biyu, ashe yana hannunsa tun yana ƙarami. Ni da nake malaminsa ban sani ba.

Wani zai ce ai ga shi nan ta koya, magana ta ƙare. A nan ne na saɓa da shi. Ta koya ne cikin sa'a, ita kaɗai, bayan ta yi asarar rabin zango da kuɗin aljihunta. Nawa ne irinta da ba su yi wannan sa'ar ba, suka koma kwaleji da yaƙinin cewa fannin da suka zaɓa wasan yara ne? Koyarwar gwaji an kafa ta ne domin sabon hannu ya zauna kusa da tsohon hannu. Kowane maƙeri da kowane marini ya san haka, ba a miƙa wa ɗan koyo guduma ranar farko a tafi kasuwa a bar shi. Mu da muke kiran kanmu masu horar da al'umma, mu ne muka manta da wannan.

Na san hujjojin da muke karewa da su, domin duk na yi amfani da su. Ta farko ita ce yara ba su iya karatu da lissafi ba tukuna, ina zancen zane? Amma duk wanda ya koyar a aji ɗaya ya san cewa hannun da bai saba da jan layi, da zagaye, da lanƙwasa ba, ba zai rubuta baƙi mai kyau ba. Idon da aka horar ya bambance siffa da siffa shi ne zai bambance b da d, ya kuma lura da lanƙwasar da ta raba d da ɗ. Kuma in gaskiya za mu faɗa, darussan zanen da muka ƙwace shekara da shekaru, ina lissafin da suka gyara?

Ta biyu ita ce babu kayan aiki. Gaskiya ne babu, kuma zan dawo kan wanda ke da alhakin haka. Sai dai 'yar koyo ta nuna mana cewa a ƙasar da ke da yumɓu, da kara, da kaba, da gawayi, da baba, da lalle, rashin fenti daga kanti bai isa ya rufe darasi ba.

Ta uku ta fi nauyi, kuma ba a faye faɗinta a fili ba: wasu iyaye da wasu malamai suna ɗari-ɗari da zane saboda abin da malaman addini suka faɗa game da siffanta mai rai. Wannan damuwa ce ta gaskiya, ba abin raini ba, kuma wajibi ne a mutunta ta. Amma ko an ajiye hoton mutum da na dabba gefe guda, fagen da ya rage yana da faɗi ƙwarai. Zayyanar da ake yi wa allon mai saukar karatu zane ce. Aska takwas a ƙirjin babbar riga zane ne. Dagin da ke goshin sorayenmu zane ne. Malam Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, da ƙasa ya yi aiki, kuma har yau masana gine-gine suna nazarin bakunan da ya ɗaura. Da an zaunar da 'yar koyo an faɗa mata wannan a makon farko, da ba ta shiga aji tana tsoron abin da iyaye za su ce ba.

Ta huɗu ita ce zane ba ya ba da abinci. Mai wannan magana ya ciro takardar naira ashirin daga aljihunsa ya juya bayanta. Matar da ke zaune tana ginin tukunya ita ce Ladi Kwali, wadda ta koyi sana'ar a ƙauyensu, ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja ta da, wato Suleja a yau, a 1954, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ya je marinar Ƙofar Mata a Kano, ya je wurin dukawa, da masu ɗinkin hula, da masu rubuta alluna da buga riguna, ya ƙirga gidajen da hannu da ido ke ciyarwa. Hatta makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen koyar da sana'o'in hannu. A 1958 kuma, ɗaliban zane a kwalejin Zariya, irin su Uche Okeke, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo, da Demas Nwoko, suka kafa ƙungiya suna cewa mai zane ya ɗebo daga gadon gidansu maimakon kwaikwayon Turai kawai. Darasin da suka yi gwagwarmaya a kansa shi ne 'yar koyonmu ta sake ganowa da bokitin yumɓu, alhali ya kamata a ce ta tarar da shi a hannunmu.

Ban wanke hukuma ba. Tun da aka fara aiki da manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara da hukumar NERDC ta tsara a 2008, aka haɗe zane, da kiɗa da waƙa, da wasan kwaikwayo a darasi guda, aka ɗora wa malami guda, wanda galibi fanni ɗaya kaɗai ya karanta, in ma ya karanta. Dokar UBE ta 2004 ta yi alkawarin ilimin tushe kyauta kuma dole, amma a makarantun da na koyar ban taɓa ganin an sauke katan ɗin kayan zane ba. Kwalejojin ilimi ma suna da nasu kason. Ɗalibin da zai fuskanci aji mai cunkoso yana bukatar a koya masa yadda ake raba yara rukuni-rukuni, da yadda ake aiki da abin da ke ƙasa, da yadda ake auna aikin yaro ba tare da an ce "mai kyau" ko "mummuna" kawai ba. Duk wannan gaskiya ne, kuma dole reshe ya ci gaba da faɗa. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ba hukuma ce ta ce in karɓe darasin yarinyar nan sau biyu ba. Ni na yi, babu wanda ya tilasta mini.

Saboda haka ina roƙon shugabannin reshenmu su sa waɗannan abubuwa cikin ajandar taro mai zuwa. Na ɗaya, mu yi wa kanmu alkawari cewa ba za a miƙa wa ɗan koyo darasi kacokan ba, sai ya fara kallon malamin aji yana koyar da shi, kuma malamin ya zauna a ajin lokacin da ɗan koyon ya karɓa. Na biyu, shugabannin makarantu, waɗanda su ma 'yan ƙungiya ne, su cire darasin CCA daga wutsiyar jadawali, shara kuma a nema mata nata lokacin. Na uku, reshe ya rubuta wa sakataren ilimi yana neman a ware kuɗin kayan aiki kowane zango, kada a sake barin ɗalibar da ba ta da albashi tana sayen kwali da kuɗin motarta. Na huɗu, mu nemi kwalejoji su riƙa turo masu dubawa daga sashen da ɗalibi yake karantawa. Na biyar, wanda ba ya bukatar izinin kowa, malaman da suka karanta zane a cikinmu su shirya mana bita ta yini guda kowane zango, a gayyato magini, da marini, da mai ɗinkin hula daga cikin iyayen yaranmu ta hannun kwamitin SBMC. Ƙungiyar da aka kafa tun 1931 don kare mutuncin malami ba ta kamata ta tsaya kan albashi da ƙarin girma kaɗai ba. Mutuncin aikin ma amana ne a wuyanmu.

Ku kuma iyalanmu da kuke karanta wannan takarda a gida, idan yaro ya dawo da hannu duk gawayi, ko riga ta ɓaci da yumɓu, ku tambaye shi me ya ƙera kafin ku yi masa faɗa.

Ranar da 'yar koyo za ta tafi, ta tsaya a bakin ofis ta ce, "Malam, iyayena suna cewa in na gama in nemi wani fannin in ƙara karatu, wai wannan ba shi da makoma. Kai me ka gani?" Na buɗe baki in ce ta daure, sai na tuna da shafin da na sa wa hannu, na ce mata ta ba ni lokaci. Motocin kara da tukwanen da yaranta suka gina suna nan jere a kan tagar ajina, kuma darasin Alhamis yanzu ni nake koyar da shi, ina tuntuɓe ina gyarawa. Amsar da zan ba ta kuwa tana jiran abin da za mu yanke a taron reshe.