"Allah Ya Isa" Ba Ta Kwashe Shara

A hutun zangon da ya gabata na je gida gaida dangi, na bi ta Isa na kwana biyu a Bafarawa. A wani lungu na ci karo da katangar da aka rubuta wa da gawayi: "Allah ya isa ga duk wanda ya zuba shara a nan." A gindin rubutun kuwa tulin shara ne har gwiwa, awaki suna tono. Can gefe ga sunan wani ɗan takarar zaɓen 2023 da jan fenti, rana ta koɗar da shi. Da farko dariya na yi. Daga baya na gane cewa mai katangar ya kai ƙara ne inda ya tabbata za a saurare shi.

Aikin nan kuwa yana da mai shi. Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kwashe shara, da samar da makewayin jama'a, da kula da kasuwanni, tashoshin mota da mayanka, har da sa ido kan tallace-tallacen da ake kafawa a sarari. Shekara da shekaru uzurin shugabanninsu shi ne kuɗinsu yana maƙalewa a asusun haɗin gwiwa da jiha. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Ko da aiwatarwar tana tafiyar hawainiya, yanzu talaka yana da hujjar tambaya.

Iyayenmu suna ba da labarin duba-gari na zamanin En'e, wanda yake shiga gida ya leƙa randa da masai, ya ci tarar mai ƙazanta. Mu kuma mun taso da sharar Asabar ɗin ƙarshen wata, gadon Yaƙi da Rashin Ɗa'a da gwamnatin soja ta ƙaddamar a 1984. Dukansu sun dogara da tsoro, kuma da bulala ta kau sai aka koma gidan jiya. Abin da ya daɗe yana tsabtace garuruwanmu shi ne manomi. Juji a da taki ne, toka da kashin dabbobi da ɓawon gyaɗa, kuma kafin damina jakuna sun kwashe shi a mangala zuwa gona. Leda ce ta ɓata wannan tsari. Ba ta ruɓewa, tana toshe magudanar ruwa, mahauta kuma suna ciro ta ƙulli-ƙulli daga tumbin shanu.

Na san abin da wani zai ce: mutanen da 'yan bindiga suka hana noma, ina su ina zancen shara? Tsaro shi ne gaba, babu musu. Sai dai rashin tsaron ne ya kwaso mutanen ƙauyuka ya cusa su cikin garuruwan Isa da Sabon Birni. Jama'a ta ƙaru, makewayi da rijiyoyi ba su ƙaru ba. A irin wannan cunkoso cutar amai da gudawa take samun gindin zama. A 2021 an ba da rahoton mutum fiye da 100,000 da ake zargin sun kamu da ita a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Sakkwato tana cikin jihohin da abin ya shafa. Wanda ya tsere wa bindiga bai kamata juji ya ƙarasa shi ba.

Shawarata ga shugabannin ƙananan hukumomin biyu ba ta bukatar manyan motoci. A keɓe wa kowace unguwa wurin zuba shara da sanin mai unguwa, nesa da rijiya da makaranta, domin hani ba tare da nuna madadi ba wahalar da baki ne. A ɗauki matasa da amalanke, a biya su daga harajin kasuwa, a liƙa lissafin inda kowa zai gani. A ware leda, a bar wa manoma takinsu. A ba jami'an tsaftar muhalli kayan aiki su koma zagaye. Duk ɗan takarar da ya ɓata bangon makaranta ko asibiti, a kai masa takardar kuɗin farar ƙasa, ya ci zaɓe ko ya faɗi. Sai an yi waɗannan tara za ta zama adalci.

Mu ma da namu laifin, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Hannun da ya jefa ledar ruwa a kwata namu ne. Amma ranar da kansila ya zo neman ƙuri'a, a kama hannunsa a kai shi gindin katangar nan ya karanta da kansa.

Mu haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.