SHARHI: Lalata da ɗalibai a jami'o'i: Ina ɗaliba za ta kai kukanta?

A watan Nuwamba na 2025, Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke wa Farfesa Cyril Ndifon, tsohon shugaban Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Kalaba, hukuncin ɗaurin shekara 5, bayan hukumar ICPC ta gurfanar da shi kan amfani da muƙaminsa wajen neman lalata da ɗaliba. Maganar ba ta kai gaban alƙali ba sai da ɗaliban tsangayar suka fito zanga-zanga a watan Agusta na 2023.

Duk wanda ya bi diddigin irin waɗannan shari'o'i zai ga abu guda yana maimaituwa: hukunci ba ya zuwa sai ƙara ta tsallake katangar makaranta. Farfesa Richard Akindele na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ya sha ɗaurin shekara 2 a watan Disamba na 2018, bayan sautin wayarsa da wata ɗaliba ya bazu a intanet. A Jami'ar Legas kuwa, binciken sirri da Kiki Mordi ta jagoranta, wanda BBC ta fitar a watan Oktoba na 2019, shi ne ya tona asirin malamai biyu, Boniface Igbeneghu da Samuel Oladipo, har jami'ar ta kore su a 2021. Ke nan ɗalibar da ba ta da na'urar ɗaukar sauti, ba ta da ɗan jarida a bayanta, ba ta da mafita.

Wannan gibi yana da nauyi na musamman a unguwannin Hausawan Legas, daga Zangon Agege zuwa Iyana Ipaja. Akwai gidaje a can da sai a wannan zamani 'ya mace ta fara shiga Jami'ar Legas da ke Akoka, ko ta jihar da ke Ojo, ko Kwalejin Fasaha ta Yaba, sau da yawa bayan doguwar muhawara tsakanin iyaye da dangi. Kowane labarin lalata da ya fito, hujja ce sabuwa a hannun masu cewa a bar ta a gida. Ita kuma yarinyar ta san haka. Idan malami ya matsa mata, sai ta zaɓi shiru, domin kai ƙara na iya jawo mata asara uku: makin jarrabawa, da mutunci a unguwa, da karatun baki ɗaya. Kunya, wadda ado ce a tarbiyyarmu, a nan ta zama garkuwar azzalumi.

Legas ba ta rasa dokoki da cibiyoyi ba. Dokar manyan laifuffuka ta jihar ta haramta cin zarafi ta fuskar lalata. Cibiyar Mirabel, wadda aka buɗe a 2013 a asibitin koyarwa na jihar da ke Ikeja, kusa da Agege, tana ba waɗanda aka yi wa fyaɗe magani da shawara kyauta. A 2021 kuma jihar ta kafa hukuma ta musamman kan cin zarafi a gida da na lalata. Sai dai aikin waɗannan yakan fara ne bayan ɓarna ta auku. Babu ɗaya daga cikinsu da ke da ikon hana malamin da aka kai ƙararsa duba takardar jarrabawar mai ƙara.

A matakin tarayya, ƙudurin hana lalata da ɗalibai a manyan makarantu ya sha tafiyar hawainiya. Majalisar Dattawa ta amince da shi a 2016, ya mutu. Sanata Ovie Omo-Agege ya sake gabatar da shi a 2019, aka amince da shi a watan Yuli na 2020, amma wa'adin Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙare a 2023 ba a sa masa hannu ba, har majalisa ta goma ta sake ɗauko shi. Jama'a sun fi maida hankali kan ɗaurin da ya kai shekara 14, alhali ginshiƙin ƙudurin shi ne cewa malami ba zai kare kansa da cewa ɗalibar ta amince ba. Hikimar a bayyane take: amincewar wanda makomarsa ke hannunka, amincewa ce ta dole. Ƙungiyar ASUU ta yi ƙorafin cewa an ware malamai kaɗai, kuma ana taɓa 'yancin jami'o'i. Fargabar ƙazafi gaskiya ce, kuma maganinta shi ne bincike na adalci da zai saurari kowane ɓangare.

A nan ne aikin ma'aikatan tarayya yake, kuma mafi yawansa ba ya buƙatar sabuwar doka. Hukumomin NUC da NBTE da NCCE su ne ke tantance kwasa-kwasai; suna iya gindaya sharaɗin cewa kowace makaranta ta samar da ofishin karɓar ƙorafi wanda ba ya ƙarƙashin shugaban sashe, da wa'adin kammala bincike, da ƙa'idar miƙa takardun mai ƙara ga wani malami daban. Ma'aikatar Ilimi na iya ajiye kundin malaman da aka kora kan wannan laifi, don kada wanda aka sallama a Legas ya sami aji a Zariya. Sansanin masu yi wa ƙasa hidima da ke Iyana Ipaja, inda dubban matasa ke yin mako 3 kafin a tura da yawansu koyarwa, wuri ne da ya dace a karantar da iyakar da ke tsakanin malami da ɗalibi.

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Mahaifin da ke Agege ba tsawon ɗauri yake tambaya ba kafin ya biya kuɗin rajista. Abin da yake son sani shi ne, idan 'yarsa ta ce a'a, wa zai tsaya mata, kuma shin za ta kammala karatunta.