Kare ba kayan ado ba ne

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na Gidan Sori da kewaye, yau zancenmu na kare ne.

Samarinmu masu zuwa cin-rani Legas da Abuja suna dawowa da labarin wani ɗan ƙaramin kare na gidajen masu kuɗi. Wasu har da hotonsa a cikin waya. Gashi gare shi buzu-buzu kamar auduga, girmansa bai wuce na ɗan akuya ba. Har an fara jin masu cewa in sun sami hali za su sayo shi. Ni dai shawarata ita ce kada mu yi.

Wannan kare ruwa biyu ne. A Turai da Amurka ake haɗa iri biyu na ƙananan karnuka a yi barbara, don a sami ɗa mai kyan gani. Ɗaya daga cikinsu ana ce masa Maltipu. Nauyinsa daga kilo 2 ne zuwa kilo 9. Yana da wayo, yana son mutane, amma ba ya jure kaɗaici. Ba ya farauta, ba ya kiwo.

Ga kuma ɗawainiya. Gashinsa sai an taje kullum, a yi masa aski bayan wata ɗaya ko biyu. Haƙoransa suna saurin lalacewa, sai ana goge su. Ƙashinsa siriri ne: in ya suɓuce daga hannun yaro, ƙafa na iya karyewa. A nan jihar Maraɗi kuwa, zafin bazara yana wuce digiri 40. Ƙarangiya za ta cika masa gashi, kaska da ƙuma su sami wurin ɓuya. Magidancin da ke lissafin damin geron da zai kai iyalinsa kaka, ina shi ina wannan aiki?

Karenmu na gida gashinsa gajere ne, ƙafafunsa dogaye. Yana jure rana. Yana korar dila daga garke, yana tsaron rumbu da dare. Karen Azawak na Buzaye, daga arewacin Tawa, Turawa da kansu suna sayensa da tsada. Jar akuyar Maraɗi ma a gida ta yi suna kafin duniya ta san ta. Dabbar da ta dace da ƙasa ita ce mai albarka.

Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: ba mu riƙe karen gida da kyau. Ba mu ba shi ruwa, ba mu ba shi abinci. Yunwa ta sa shi yawo a juji da mahauta, ya yi faɗa da karnukan da ba su da mai su. Can yake ɗauko ciwon haukan kare, ya kawo mana gida.

Hukumar lafiya ta duniya ta ce wannan ciwo yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya. Kusan duka ta cizon kare suke kamuwa. A cikin mutum 10 da ciwon ya kashe, wajen 4 yara ne. In alamunsa suka bayyana, ba a warkewa. Alhali tun shekarar 1885 wani masani ɗan Faransa, Luwi Pastar, ya samo allurar da ke hana shi.

Ga abin da ya kamata mu yi:

1. Ɗan kwikwiyo in ya kai wata 3, a kai shi wurin ma'aikatan kiwon dabbobi a yi masa allura. A riƙa sakewa duk lokacin da suka ce.
2. A ba kare ruwa mai tsabta da abinci kullum, a yi masa inuwa.
3. A hana yara tsokanar kare, musamman in yana cin abinci ko yana shayarwa.
4. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15. A kai shi likita a ranar, ko da ciwon ƙarami ne. Kada a tsaya ga maganin gargajiya.

Masana sun ce in aka yi wa karnuka 7 cikin 10 allura a gari, ciwon ba ya samun hanyar yaɗuwa. Wannan aikin gayya ne, na mai gari da talakawansa.

Kuɗin da za ka kashe a kan karen ado, ka kashe kaɗan daga ciki a kan wanda ke kwana a ƙofar gidanka. Duk dabbar da ka ajiye amana ce a wuyanka. Riga-kafi ya fi magani. Allah ya tsare mana ƴaƴanmu da dabbobinmu, amin.