A koya wa yaro tushen lissafi kafin jarrabawar aljabara

A makarantun Amurka da dama, kafin yaro ya shiga ajin aljabara a aji bakwai ko takwas, sai ya zauna jarrabawar tantance shirinsa. Iyaye kan ruɗe, su sayi tarin tsofaffin tambayoyi, su sa yaro haddar amsa. Wannan ɓata lokaci ne. A 2008 kwamitin ba da shawara kan lissafi na ƙasar ya nuna cewa ƙwarewa a lissafin rabi, sulusi da rubu'i ita ce ginshiƙin aljabara, kuma binciken Robert Siegler da abokansa na 2012 a Amurka da Birtaniya ya gano cewa sanin wannan lissafi da rabawa tun firamare yana hasashen nasarar yaro a lissafin sakandare. Yaron da yake ganin 1/8 ya fi 1/4 girma don takwas ta fi huɗu, ko ya haye jarrabawa da hadda, ranar da aka ce ya warware x/4 + 2 = 5 zai tsaya cak.

Za a ce jarrabawar ce ƙofar manyan darussan lissafi, masu hali kuma suna ɗaukar malaman gida, don haka wanda bai yi atisaye ba an bar shi a baya. Damuwar gaskiya ce, kuma babu laifi yaro ya san fasalin tambayoyin. Amma jarrabawar awo ce, idan aka murɗe sakamakonta yaron ne zai sha wahala a ajin da ya fi ƙarfinsa, har ya tsani lissafi. Iyaye, ku nemi sakamakon dalla-dalla daga makaranta, ku zauna da yaro a kan inda ya gaza.