Araha tana can, tsada tana kan hanya

Tun da na ce ni da uwargida muna shirin zuwa Malesiya bayan babbar sallah, tambaya ɗaya ake ta jefo mini: me ya hana ku Dubai? Amsata ita ce hutu nake nema. Shekara biyu muna tara kuɗin nan, ba zan kai su kasuwa in dawo da gajiya da akwatunan kaya ba.

Kuala Lumpur ma ratse kawai za mu yi. Inda muka nufa shi ne Terengganu, jihar da ke gabar teku ta gabas, tafiyar kamar awa ɗaya a jirgi daga babban birnin. Wuri ne na masunta da masallatai, babu hayaniya. Hutun mako Juma'a ne da Asabar. Abinci halal ne kusan ko'ina, ba sai ka tsaya tambayar wa ya yanka ba. Suna rubuta harshensu da baƙaƙen Larabci, abin da suke kira Jawi, kamar dai ajaminmu, har a allunan kan titi. A gidan tarihinsu akwai wani dutse mai rubutun Jawi tun ƙarni na 14, shaidar daɗewar Musulunci a yankin. Wallahi wannan dutsen kaɗai ya isa ya ja ni.

To amma bari in faɗi abin da ya sa na yi wannan dogon rubutu. Yawancin masu cewa ƙasashen Kudu maso Gabashin Asiya akwai araha, ba da fasfo irin namu suke yawo ba. Gaskiya ne abincin bakin titi da masauki ba su da tsada. Amma kafin ka ci farantin shinkafar nan ta nasi lemak, sai ka nemi biza, ka tanadi katin rigakafin shawara, fasfonka kuma ya rage aƙalla wata 6. Babu jirgi kai tsaye daga Najeriya, sai ka bi ta Doha ko Addis Ababa ko Istanbul. Da na yi lissafi, tikiti ne ya cinye mafi yawan kasafinmu. Shi ya sa na ce ba zan biya kuɗin jirgi ba sai biza ta fito.

Sai kuma lokaci. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris damina ce mai ƙarfi a gabar gabas, teku na hauka, masaukai da yawa a tsibiran Redang da Perhentian rufewa suke yi. Wanda ya ga tikiti ya sauko a Disamba ya ruga ya saya, ruwan sama zai je kallo ta taga.

Abin da ya fi damuna shi ne saƙon da wani ƙanena ya turo mini da ya ji maganar tafiyar. Ya ce: "Yaya, akwai wani ejan da ke kai mutane Kambodiya, tikiti kyauta, aikin kwamfuta, albashi da dala." Gabana ya faɗi. A shekarar 2023 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce aƙalla mutum 120,000 a Myanmar, da kimanin 100,000 a Kambodiya, ana tsare da su ana tilasta musu damfarar mutane ta intanet. Da irin wannan tallar ake kama su. Kana isa a karɓe fasfo, a rufe ƙofa. Akwai 'yan Afirka da yawa cikin waɗanda aka kuɓutar daga garin Myawaddy a farkon 2025. Na ce masa ko da wasa kada ya tura hoton fasfonsa.

Haka nan kada ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da ya ce kilishi ne. Laifin safarar ƙwaya a Malesiya yana iya kai mutum ga hukuncin kisa.

Ni dai ra'ayina, wanda bai da kuɗin da zai sayi tikitinsa na zuwa da dawowa da kansa, ya haƙura ya ci gaba da tari. Terengganu ba gudu za ta yi ba. Mu ma idan biza ba ta fito ba, Yankari na nan, za mu je mu yi wanka a Wikki mu dawo.

Allah ya kai mu lafiya, ya tsare mana yaranmu.