Manhaja ta ƙi buɗe maka fayil? Kada ka rushe katanga

Duk mai kwamfutar da ke ɗauke da Windows da Ubuntu tare ya san wannan takaicin: ga takardarka a ɓangaren Windows kana kallo, amma manhajar Ubuntu ta ce ba ta da izinin buɗewa. Nan take sai a ce ka buga chmod 777, ko ka koma aiki da root. Wannan gurguwar shawara ce.

Da gangan aka killace manhajojin Snap da Flatpak, don kada wata gurɓatacciya ta kutsa cikin hotunanka da takardunka. Umarnin chmod ba ya ɗaga wannan shingen, sai dai ya sassauta tsaron fayilolinka a banza.

Ƙofa guda ta isa. A Snap, ba manhajar izinin removable-media, mai buɗe /media da /mnt. A Flatpak, yi amfani da Flatseal ka ba ta foldar da take buƙata kawai. In fayil na buɗewa amma ajiyewa ta gagara, kashe Fast Startup a Windows, domin yakan bar faifan a kulle.

Mintoci kaɗan ne aikin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.